Ki Gaya wa Yarinyar Nan

Injiniya Ja'afaru bai taɓa ganin dusar ƙanƙara da idonsa ba. A Yola aka haife shi, a Zariya ya yi karatu, shekara goma sha huɗu kuma yana Doha, garin da in ka manta ƙwai a kan mota a watan Yuli sai dai ka nemo gishiri. Amma in ka tara mutanen unguwarsu ta Al Gharrafa kaf, Larabawansu da Indiyawansu da 'yan uwanmu, ba za ka samu wanda ya kai shi sanin halin ƙanƙara ba. Ya san wadda ke kwance lafiya, ya san wadda ke jiran a taka ta ta zaftaro da mutum. Ba kuma sha'awa ce ta kai shi ba, 'yarsa ce ta ja masa.

Sunanta Hafiza. Ni na faɗa, shi ba zai faɗa ba. 'Yar fari ce, shi kuwa Bafulatani ne da ya taso da kunya kamar da ita aka yaye shi. Shi ma ɗan fari ne. Ranar da ya zo na ɗaya a jarrabawa a jihar Gongola gaba ɗaya, mahaifinsa ya dubi bango ya ce, “An ji.” Ja'afaru bai taɓa ganin laifin wannan ba, hasali ma da alfahari yake ba da labarin. To haka ya riƙe tasa 'yar shekara ashirin da biyar: ba ya kiran sunanta, ba ya zama hira da ita, ba ya yabonta a gaban kowa. Ƙannenta maza biyu har kokawa yake da su a falo. Ita kuwa sai dai “yarinyar nan”. A wayarsa ma lambarta “Kanada” aka rubuta.

Matarsa Safiyyatu Bazazzagiya ce, tata kunyar ta daɗe da ajiye ta a filin jirgin Kano. Ita ce gada tsakanin uba da 'ya. In yana da magana sai ya ce, “Ki gaya wa yarinyar nan,” ko da yarinyar nan tana zaune a kujerar da ke kusa da shi tana cin gyaɗa.

Hafiza ta tafi Kanada ƙaro karatu ana saura 'yan watanni korona ta ɓarke. Aka rufe duniya, ita tana can, su suna nan. Ja'afaru, wanda aikinsa shi ne ya dubi bangon rami ya faɗi ranar da zai rufta, mutumin da ya taɓa tsayar da leburori ɗari uku a ramin jirgin ƙasan Metro na Mushairib da kalma ɗaya, khalas, wato shi ke nan, sai ga shi a gida da jallabiya yana kallon silin. Ko kanti ba a shiga sai manhajar korona ta waya ta nuna kore.

Da sanyin ƙarshen shekarar ne hoto ya faɗo zauren iyali na waya. Ga Hafiza nan a kan wani tsauni fari fat, ɗankwali a ƙarƙashin hular kwano, dogayen katakai a ƙafafunta, haƙora duk a waje. Wai tunda an rufe ko'ina, abokan karatunta sun koya mata hawa tsauni da sulu a kan ƙanƙara. Ba ma a wuraren da aka gyara wa 'yan yawon buɗe ido ba, a'a, can cikin daji inda ba mai tsaro. Safiyyatu ta rangaɗa guɗa. Ja'afaru kuwa ba fuskar ya duba ba, gangaren da ke bayanta ya duba, ya auna shi da ido irin na sana'a, ya hango haɗari.

Tun daga ranar ya shiga makaranta. Ya sayi littattafai, ya yi rajistar darasi ta intanet, ya riƙa zama da malamai masu gemu ja suna bayani daga cikin ɗakunan katako, shi kuma na'urar sanyaya ɗaki tana kaɗa masa jallabiya. Abin ya zo masa da sauƙi, don ƙanƙara ashe ƙasa ce mai saurin fushi. Hawa-hawa take kwanciya. In ta ƙasa ta zama tsaba-tsaba, ta sama kuma ta danƙare ta yi nauyi, to ka shimfiɗa tabarma ke nan a kan tsabar gero a bisa rufin kwano. Mutum ɗaya ya taka, tabarmar ta tafi da shi. Wanda ta binne, in ba a tono shi cikin kwata guda ba, yawanci gawa ake tonowa. Wannan kwata gudan ita ta hana Ja'afaru sukuni shekara biyu.

Kowace safiya, kafin ya kurɓi shayin karak, sai ya buɗe rahoton da masu lura da tsaunukan can suke fitarwa. Mataki biyar suke ba haɗari. Ya san iskar da ta kaɗa jiya a kan duwatsun da bai taɓa gani ba, bai san ko an yi ruwa a Yola ba. Sai ya fito falo ya gyara murya.

“Safiyya, ki gaya wa yarinyar nan, makon nan kada ta kusanci gangaren da ya wuce digiri talatin, musamman mai kallon arewa maso gabas. Iska ta tara kaya a can, ta ƙasa kuma ba ta kama ba.”

“To, Injiniya.”

Sai ta ɗauki waya ta danna: “Hafiza, Abbanki ya ce ki riƙa sa rigar sanyi.”

Wallahi haka aka yi ta yi damina biyu, in ana kiran lokacin ƙanƙara damina. Shi yana ganin ya sauke nauyi, ita tana ganin ta taƙaita surutu. Hafiza kuwa a can tana mamakin yadda ubanta ya ƙwallafa rai a kan rigar sanyi.

Aka buɗe duniya, gasar cin kofin duniya ta sauka Doha. Gari ya cika ya batse, an rufe makarantu, ofisoshi sun ce kowa ya yi aiki daga gida. Safiyyatu, wadda da ba ta san mutum nawa ke buga ƙwallo ba, ta zama 'yar Maroko ta gani-kashe-ni. Maƙwabciyarsu Fausatu, 'yar Zangon Kumasi da ke aiki a filin jirgin Hamad, ita ta hure mata kunne. Tun da aka fitar da Ghana Fausatu ta ce ai duk Afirka ɗaya ce, suka sayo tutoci ja.

Ranar Litinin Hafiza ta turo taswira: ga inda za su hau ranar Asabar, ita da abokai uku. Ja'afaru ya karɓi wayar matarsa kamar zai duba lokaci, ya haddace layin. Gangare ne mai kallon arewa maso gabas, digiri talatin da takwas, ƙarƙashinsa kwazazzabo. Ya san tarihin ƙanƙarar wurin kamar tarihin gidansu. Ta farkon Nuwamba ba ta yi kauri ba, sanyi mai tsanani ya bi ta kai ya mayar da ita kamar sukari. Laraba sabuwa ta sauka da yawa. Alhamis iska ta kwashe ta ta jibge a daidai wannan gangaren. Juma'a gari ya ɗan yi ɗumi. Rahoto ya ce mataki na uku, kuma Ja'afaru ya san a na ukun aka fi mutuwa, don a na huɗu da na biyar kowa na gida.

Safiyar Asabar ya tsare Safiyyatu tana goge tuta.

“Kin gaya mata?”

“Na gaya mata tun jiya.”

“Mu ga abin da kika rubuta.”

Karon farko ke nan da ya taɓa tambaya. Ta miƙa masa. Ya karanta: “Abbanki ya ce ki kula da kanki, ki sha shayi mai zafi.” Ya ja sama, ya ja sama, ya ga rigar sanyi, ya ga safa, ya ga man shafawa. Shekara biyu na ilimi!

“Safiyya! Shayi na ce?”

“Yo ni ina zan iya riƙe digiri da arewa maso gabas? Ni malamar lissafi ce? Ga lambarta nan a wayarka, bakinka kuma ba ciwo yake ba.”

“Ki sake rubutawa, ni zan faɗa miki kalma-kalma.”

“Yanzu tana barci. In ta tashi na kira ta.”

Ƙarfe uku Fausatu ta danna hon a ƙofar gida tana “Yalla, Hajiya, yalla!” Maroko za ta kara da Fotugal ƙarfe shida, kuma sai an yi sammakon shiga filin wasa. Safiyyatu ta suri jaka ta fice. Uku da rabi ya kira ta, ba ta ɗauka ba. Ya sake, shiru. Wa zai ji waya a cikin waɗannan ganguna?

Ya dubi agogo. Ƙarfe huɗu a Doha, shida na safe a can. Yanzu suna hanya, nan da awa guda za su shiga inda waya ba ta kamawa. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Ya zagaya falo sau uku. Ya tuna mahaifinsa da bangon nan. Ya ce a ransa, Allah ya jiƙan Baffa, amma shi ɗansa bai taɓa hawa ƙanƙara ba. Ya lalubo “Kanada” ya danna.

Bugu biyu aka ɗauka.

“Salamu alaikum,” in ji shi.

Sai wata 'yar murya: “Abba?”

“Na'am. An tashi lafiya?”

“Lafiya lau. Abba... lafiya?”

“Lafiya ƙalau. Ya sanyi?”

“Da sauƙi. Ina Umma?”

Nan fa ake yin ta. Dattijo kamarsa ya buɗe baki ya gaya wa 'yar fari cewa uwarta ta tafi kallon ƙwallo da tuta a wuya? Ina!

“Ta ɗan je wani wuri.”

“Wane wuri?”

“Kina ina yanzu?”

“A mota. Muna hanya.”

“Ke ke tuƙi?”

“A'a.”

“To alhamdulillahi.” Duk bayanin da ya tsara, sukarin da tabarmar da iskar Alhamis, ya ƙi fitowa. In ya fara, ai ta gane shekara biyu yana bin sawunta, wannan kuwa tsirara ce a kasuwa. Sai ya ce, “Ki koma gida. Ki samu wuri ki zauna. Kada ki je ko'ina yau.”

“Abba, don Allah me ya faru?”

“Babu komai. Haƙuri za ki yi. Haƙuri dai.”

Ya kashe wayar, gumi ya jiƙe masa jallabiya.

Jama'a, ku da kuka san gida, ku faɗa mini. Uban da bai taɓa kiran ki ba tun da aka haife ki ya kira da sassafe. Ya tambaya ko ke ke tuƙi. Ya ce uwarki ta ɗan je wani wuri. Ya ce ki samu wuri ki zauna, babu komai, ki yi haƙuri. A ƙasar Hausa da wane irin lafazi ake sanar da mutuwa in ba wannan ba? Yaron goye ma ya sani. Injiniya Ja'afaru, mai digiri biyu da takardar shaidar sanin ƙanƙara, shi kaɗai ne bai ji abin da bakinsa ya faɗa ba.

Ya ma ji daɗi. Ya jona wayar a caji, ya yi alwala ya tafi magariba yana jin kansa sakayau. Abin da babba ya hango, in ji shi a ransa, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, balle tsauni. Bayan isha'i maƙwabcinsa Basudane ya ja shi majalisa kallon wasan. Ja'afaru da ba ruwansa da ƙwallo har tsalle ya yi da Maroko ta ci. Ya sha shayi kofi uku, ya tako gida a hankali, gari ya rikice da hon da kiɗa.

A ƙofar falo ya tarar da Safiyyatu. Tuta na wuyanta har yanzu, muryarta ta dishe, idonta ja wur, waya a hannu.

“Sannu da zuwa, mijin marigayiya.”

“Wace marigayiya?”

“Ni mana! Ai na rasu tun la'asar, ba ka ji ba? Kira arba'in da ɗaya na tarar. Yarinya ta neme ni ba ta samu ba, ta neme ka ba ta samu ba, ta kira Goggo a Tudun Wada. Goggo ta ce su ba a gaya musu ba tukuna, ta sa salati. Yanzu haka an shimfiɗa tabarmi a gidanmu, Injiniya. An ɗora tukunya! Ina can ina ihun Maroko ana karɓar gaisuwata a Zariya.”

Ja'afaru ya nemi kujera ya zauna.

“Ita... yarinyar nan fa?”

“Tana filin jirgi. Da kayan hawan dutsen a jikinta. Abokan suka juya mota suka kai ta. Awa huɗu tana kuka tana neman jirgin Doha, ga gari cike ba kujera. Da ta ji muryata sai da ta zube ƙasa, wata baturiya ce ta ɗaga ta.” Muryar Safiyyatu ta karye, ta share ido da gefen tutar. “Me ka ce mata?”

“Cewa na yi ta koma gida.”

“To ai gidan ta nufa.”

Kunya ta rufe shi, ba irin wadda ya gada ba, wata sabuwa mai ɗaci. Amma can ƙasan ransa, Allah ya yafe masa, murna yake: ba ta hau ba.

“Ki gaya mata...”

“Ban gaya mata komai. Na yi murabus. Matattu ba sa kai saƙo.” Ta tura masa wayar a tafin hannu. “Tana kan layi tun ɗazu.”

Ya kai wayar kunne kamar mai ɗaukar garwashi. Yana jin hayaniyar filin jirgi da jan hancin mai kuka.

“Abba,” in ji Hafiza, muryarta a shaƙe. “Me kake so ka gaya mini ɗazu?”

Ba mafita. Ya rufe ido ya fara. Ya faɗi ta farkon Nuwamba da yadda sanyi ya lalata ta. Ya faɗi ta Laraba, santimita nawa. Ya faɗi iskar Alhamis da inda ta fito, da ɗumin Juma'a, da digiri talatin da takwas, da kwazazzabon da zai tara komai a kan wanda ya faɗa. Tun yana in-ina har harshe ya sake. Safiyyatu ta saki baki tana kallon mijinta kamar yau aka kawo shi.

Da ya gama, sai Hafiza ta ce:

“Abba, a ina ka san wannan?”

“Ana ɗan karantawa.”

“Tun yaushe?”

“Tun... tun hoton farko.”

Ya ji ta ja numfashi. “Ranar Alhamis da yamma mun je kusa da wurin, na haƙa rami da kaina na duba. Na ga sukarin. Na ɗora shebur a kai ina bugawa, a bugu na goma sha biyu ta yanke.”

“Sumul ta yanke ko da gargada?” Tambayar ta kuɓuce masa kafin ya kama ta.

“Sumul. Shi ya sa muka fasa tun ranar. Yau cikin itatuwa za mu, wuri shimfiɗaɗɗe, ko akuya ba za ta zame ba. Ni ce ma na hana su. Tun bara nake da takardar koyar da wannan, Abba. Na gaya wa Umma ta gaya maka.”

Ya waiga. Safiyyatu ta ɗaga kafaɗa. “Na ce maka ta ci jarrabawa. Ka ce an ji.”

Tirƙashi. Shekara biyu yana gadin wadda ta fi shi sanin hanya, ranar da ya buɗe baki kuma ya hana ta zuwa inda ba komai, ya kashe mata uwa a kan hanya.

“Shekara biyu,” in ji Hafiza, kuka ya dawo mata, “ina neman wanda zan yi wa hirar nan da Hausa. Kullum in na ga abu a can sama sai in ce da Abba zai ga bangon nan, shi da ya san rami. Ashe kana nan. Ni kuma ina ta sayen rigunan sanyi don kada in saɓa maka. Guda bakwai gare ni.”

Bai san lokacin da hawaye ya zubo masa ba. Ya juya wa matarsa baya.

“Gobe za mu fita in Allah ya so,” ta ce. “Ka duba rahoton, ka kira ni mu haɗa da abin da na gani. Amma don girman Allah, Abba, in ka kira, ka fara da sunana. In na ji shi na san ba mutuwa aka yi ba.”

“To.”

“Ka gwada yanzu.”

Ya dubi bango. Bangon bai taimake shi da komai ba. Safiyyatu ta toshe baki da tuta, ta ƙi fita daga falon. Ya yi gyaran murya sau biyu. Shi ya raɗa mata sunan nan a kunne ranar da ta kwana bakwai a duniya, tun daga ranar bai sake bi ta bakinsa ba. Ya fito a hankali, a karkace, kamar kalmar baƙon yare.

“Hafiza.”

“Na'am, Abba.”

Sai ya tarar ba shi da sauran abin faɗa, duk ƙanƙarar ta ƙare. A can ana ta kiran fasinjoji, a nan ana ta hon a titi, su biyun kuwa kowa ya riƙe wayarsa a kunne, an rasa mai fara kashewa.